Nasiha ga Masu Koyon Gyara: Ɗora Direban Katin Ƙari a Tsohuwar Kwamfuta

Katin ƙari wani ɗan siririn allo ne mai rigar ƙarfe da ake zurawa a gefen kwamfutar tafi-da-gidanka domin ya ba ta aikin da ba a ƙera ta da shi ba. Ta hanyarsa laftof marar Wi-Fi take samun Wi-Fi, wadda ba ta da wurin saka wayar intanet take samun wurin, wadda ramukan USB ɗinta suka tsufa take samun sababbi. Irin waɗannan kwamfutoci ba su ƙare ba. Suna shigowa cikin kayan hannu da ake kira tokumbo, ana ganin su a teburan masu gyara daga Ikeja har Kano, kuma akwai wuraren aiki da ke riƙe da su saboda na'urar da aka haɗa da su, ta awo ce ko ta binciken mota, ba ta yarda da sabuwar kwamfuta. Matashin da ya zauna koyon gyara zai ci karo da su ko ba jima ko ba daɗe.

Kati ba ya aiki sai da direba, wato ƙaramar manhajar da ke koya wa babbar manhajar kwamfuta yadda za ta yi magana da shi. Idan kati ya ƙi aiki, abin da mai koyo yakan fara yi shi ne sauke direba bayan direba yana ɗorawa, da fatan wani zai dace. Wannan yana cin yini, yana kuma barin tarkace a cikin kwamfutar mutane. Tsakanin kati da aikinsa akwai matakai da ke hawa kan juna: gurbin da ya shiga, wutar da yake sha, guntun lantarkin da ke kula da gurbin, shaidar katin, direban kansa, rabon layukan cikin na'ura, sai kuma abin da ke waje wanda katin zai haɗu da shi. Ana bin su daga ƙasa zuwa sama, kuma abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji.

Sanin irin katin

A shekarar 1989 kamfanonin kwamfuta suka kafa ƙungiyar PCMCIA domin a samu ma'auni ɗaya na waɗannan katuna. Ƙa'idar farko ta fito a 1990, ta katunan ajiya kawai. Ta 1991 ita ce ta buɗe ƙofa ga modem da katunan sadarwa. Tsawon katin milimita 85.6 ne, faɗinsa milimita 54, kuma bakinsa yana da ƙananan ramuka 68 da ke shiga allurai 68 na cikin gurbi. Kauri ne ya raba shi gida uku: nau'i na ɗaya milimita 3.3, na biyu milimita 5, na uku milimita 10.5. Yawancin katunan sadarwa nau'i na biyu ne. Laftof mai gurbi biyu a jere, ɗaya bisa ɗaya, tana ɗaukar nau'i na biyu guda biyu, ko nau'i na uku guda ɗaya.

Katunan farko masu bit 16 ne. A 1995 aka fito da CardBus, mai bit 32, wanda ke aiki da tsarin PCI a gudun megahaz 33 da wutar bolt 3.3. Girmansu ɗaya, bakinsu ɗaya, shi ya sa ake rikita su. Ana gane CardBus da wani ɗan zanen ƙarfe, galibi ruwan zinariya, mai ƙananan ƙusoshi takwas a saman bakinsa. Gurbin CardBus yana karɓar tsohon kati mai bit 16, amma tsohon gurbi mai bit 16 ba ya iya tafiyar da katin CardBus, kuma babu direban da zai sauya wannan.

A 2003 aka zo da ExpressCard, mai allurai 26, wanda ke bin hanyar PCI Express ko ta USB 2.0. Faɗinsa iri biyu ne, milimita 34 da milimita 54. Ƙaramin yana shiga babban gurbi, babban ba ya shiga ƙarami, kuma babu ɗayansu da ke aiki a gurbin PCMCIA kai tsaye. ThinkPad T42 gurbin CardBus gare ta, T420 kuwa ExpressCard mai faɗin 34, X220 mai faɗin 54. Wanda ya tantance wannan tun kafin ya kunna na'ura ya kauce wa babban rabo na wahalar aikin.

Shiri kafin a taɓa komai

Kwamfutar da aka kawo gyara amana ce, kuma tsohuwar kwamfuta amanarta ta fi nauyi, domin sau da yawa tana ɗauke da manhajar da babu inda za a sake samun ta. Kafin a ɗora komai, a kwafe muhimman fayiloli da izinin mai ita, ba tare da leƙa abin da ke cikinsu ba. A Windows ME da XP da na bayansu akwai hanyar ajiye hoton saitin na'ura domin a koma masa idan abu ya lalace, kuma wannan ne lokacin amfani da ita. A rubuta samfurin laftof ɗin, da ainihin bugun Windows da ke kanta, da sunan katin har da lambar bugunsa da ke bayansa.

A kuma tambayi mai ita: katin ya taɓa aiki a wannan na'ura? Yaushe ya daina? Me aka yi kafin ya daina? Katin da ya yi aiki jiya ya tsaya yau, laifinsa yana wani wuri daban da na katin da aka sayo yanzu a kasuwa. Haka nan a tanadi wuta tsayayya. Batirin tsohuwar laftof yakan kasance ya mutu, kuma ɗaukewar wuta ana tsakiyar kwafar fayilolin direba tana iya hana Windows tashi gaba ɗaya.

Gurbi da wuta

Da tocila ake fara bincike. A haska cikin gurbin a ga ko allurai suna nan a miƙe. Allura guda da ta lanƙwashe ta isa ta hana katin bayyana, ko ta sa na'ura ta daskare da zarar an zura shi. Ƙurar hunturu tana taruwa a gurbin da ya daɗe a buɗe, sai a fitar da ita da iska, ba da tsinke ko waya ba. Wasu laftof suna zuwa da katin roba na rufe gurbi, wanda sai an danna maɓallin fitarwa an cire shi. Wasu kuma suna da wani siririn gurbi na katin shaida wanda ba na katin ƙari ba ne.

Kati yana shiga da ɗan turi mai laushi. Idan ya cije, a tsaya. An yi wa gefen bakin katuna wata tsaga da ke hana katin bolt 3.3 shiga gurbin da bolt 5 kaɗai yake bayarwa, kuma wanda ya tura da ƙarfi yana iya karya wannan kariya ya ƙona katin.

Wutar gurbi ba ta da yawa. Katin da ke ƙara ramukan USB yakan ɗauki linzami ko filas lafiya, amma ya gaza juya babban faifan ajiya na waje, domin ramin USB 2.0 cikakke yana ba da har miliamfa 500 a bolt 5, gurbin kuwa ba kullum yake iya ciyar da ramuka biyu ko huɗu haka ba. Shi ya sa da yawa daga cikin irin waɗannan katuna suke da ɗan ramin caja a jikinsu. Faifan da ke ƙara yana tsayawa yana nuna ƙarancin wuta ne, kuma sauya direba ba zai yi masa magani ba. Tsofaffin katunan modem da na wayar intanet kuma da yawa suna aiki ne da wata 'yar igiya ta musamman da ke maƙale a bakinsu na waje. Tana saurin karyewa, kuma ta wani kamfani ba ta aiki a katin wani ko da ta shiga.

Gwaji biyu suke raba gardama a wannan mataki: a sa wannan kati a wata laftof mai lafiya, a kuma sa wani kati mai lafiya a wannan laftof. Mai gyara na ƙwarai yana ajiye kati ɗaya mai bit 16 da CardBus ɗaya da ya tabbatar da lafiyarsu saboda wannan aiki kaɗai.

Aisin da ke kula da gurbi

Bayan gurbin akwai wani ƙaramin baƙin guntun lantarki, irin wanda masu gyara ke kira aisi, da ke haɗa katin da sauran na'urar. Kamfanoni irin su Texas Instruments, Ricoh, O2Micro da Toshiba ne suka ƙera mafi yawansu. Shi ma yana da nasa direban, kuma idan bai hau ba, Windows ba za ta ma san an zura wani abu ba. A buɗe shafin jerin kayan na'ura, wanda Windows ke kira Device Manager, a nemi rukunin PCMCIA. Idan babu rukunin, ko akwai alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa a kansa, to nan ne ciwon yake, kuma bai kamata a wuce zuwa direban katin ba tukuna.

Daga nan sai BIOS, wato shafin saitin na'ura da ake shiga kafin Windows ta tashi. Wasu na'urori suna ba da damar kashe gurbin gaba ɗaya, kuma kwamfutocin da suka fito daga ofisoshin ƙasashen waje sukan zo a haka saboda tsaro. Tsofaffin Toshiba suna da zaɓin yanayin gurbi: wanda na'ura ke zaɓa da kanta, ko CardBus, ko tsohon yanayin PCIC mai kwaikwayon aisin Intel 82365. Idan an bar shi a yanayin PCIC, katin CardBus ba zai tashi ba. A duba kwanan wata ma. Idan agogon na'ura yana komawa baya duk lokacin da aka cire wuta, ƙaramin batirin da ke riƙe saitin BIOS ya mutu, kuma duk gyaran da aka yi a can zai goge kafin gobe. Sabunta BIOS kuwa shi ne abu na ƙarshe da za a yi tunani, domin katsewar wuta a tsakiyarsa tana iya kashe na'urar baki ɗaya.

Shaidar kati

Nan ne mafi yawan masu koyo suke faɗawa rami. Direba ana rubuta shi ne domin aisin da ke cikin kati, kuma kamfanoni sukan sauya aisi su bar sunan katin yadda yake. Linksys WPC11 na farko-farko aisin Prism ne a cikinsa, amma bugu na 4 na Realtek ne. Netgear WG511 bugu na 1 aisin Intersil gare shi, bugu na 2 kuwa na Marvell. D-Link DWL-650 ya fito da aisi iri-iri a ƙarƙashin suna ɗaya. Mai gyara a nan kamar mai sayen hatsi ne da ba ya wadatuwa da tambarin buhu sai ya soka ya ga ƙwayar da ke ciki.

Kowane kati yana faɗin shaidarsa da kansa. A Windows XP mai sabuntawa ta 2 da na bayanta, idan aka buɗe bayanin na'urar da ba a gane ba a Device Manager, za a ga wani layi na lambobi. Na katin CardBus yana farawa da PCI, sai VEN da haruffa huɗu na kamfanin da ya ƙera aisin, sai DEV da haruffa huɗu na samfurin. Lambar 8086 ta Intel ce, 10EC ta Realtek, 14E4 ta Broadcom, 168C ta Atheros, 1814 ta Ralink, 10B7 ta 3Com, 1033 ta NEC. Wanda ya ga 10EC tare da 8139 ya san yana riƙe da katin wayar intanet mai aisin RTL8139, ko da babu suna a jikinsa. Katin bit 16 layinsa yana farawa da PCMCIA, sai sunan kamfani da na kati kamar yadda aka rubuta su a cikin ƙwaƙwalwarsa. ExpressCard kuwa yana iya bayyana a matsayin PCI ko a matsayin USB, gwargwadon hanyar da yake bi.

Da wannan lamba ake neman direba. Ana kuma iya tabbatar da dacewarsa kafin a ɗora: a buɗe fayil mai ƙarshen INF da ke cikin foldar direban da manhajar rubutu, a nemi lambar a ciki. Idan tana nan, direban ya san katin. Idan babu, ba nasa ba ne.

Direba da babbar manhaja

Direba yana da aure biyu, ɗaya da aisi, ɗaya da babbar manhaja. A zamanin DOS da Windows 3.1, sai an ɗora manhajoji hawa biyu masu kula da gurbi da rabon kayan aiki, irin su CardSoft na kamfanin SystemSoft, a kuma umarci manhajar EMM386 ta bar wani yanki na ƙwaƙwalwa, galibi daga D000, domin katin. Windows 95 ce ta kawo gane kati kai tsaye, amma CardBus bai samu shiga ba sai a bugun OSR2 na 1996. Windows NT 4.0 tana son a zura kati kafin a kunna na'ura, ba ta yarda da cirewa da sakawa tana aiki sai da ƙarin manhaja. Windows 2000 da XP su ne suka fi sauƙi, domin suna ɗauke da direbobin sanannun katuna da yawa a cikinsu.

Direban Windows 98 mai ƙarshen VXD ba ya aiki a XP. Direban bit 32 ba ya aiki a Windows mai bit 64, wadda kuma tun daga Vista ba ta karɓar direban da ba shi da sa hannun tantancewa. Windows 7 ba ta zo da direban USB 3.0 ba, don haka ExpressCard mai ƙara irin wannan rami yana buƙatar direban kamfanin aisinsa, misali Renesas, yayin da Windows 8 ta 2012 take gane shi da kanta.

Wurin samun direba shi ne faifan da ya zo da katin, ko shafin kamfanin katin, ko na kamfanin aisin, ko na kamfanin laftof. Shafukan da ke alkawarin gyara dukkan direbobi da danna maɓalli ɗaya abin gudu ne, domin da yawansu manhajar talla ko ta ɓarna suke cusawa. Duk fayil ɗin da aka sauke a bincike shi a sabuwar kwamfuta mai kariya kafin ya shiga tsohuwa.

Yadda ake ɗorawa

Kai fayil ɗin cikin tsohuwar na'ura shi ma aiki ne, tunda katin da zai ba ta intanet shi ne bai tashi ba. Windows 98 ba ta gane filas sai da nasa direban, kuma ba ta karanta faifan da aka tsara da NTFS, sai FAT. Faifan sidi yana yi, fulofi yana ɗaukar megabait 1.44, katin CompactFlash a cikin adaftar PCMCIA yakan bayyana kamar faifan ajiya, ko kuma a ciro babban faifan na'urar a haɗa shi da wata kwamfuta a kwafa.

A karanta takardar bayanin da ke tare da direban. Katunan Wi-Fi da yawa suna son a ɗora manhajarsu kafin a zura su, wasu kuma akasin haka. Idan manhajar ɗorawa ta ƙi gudana, a warware fayilolin a folda ɗaya, a je Device Manager a zaɓi sabunta direba, a danna Have Disk a nuna masa fayil ɗin INF. Windows 95 da 98 sukan nemi faifansu na asali a tsakiyar aiki, don haka yana da kyau a kwafi foldar WIN98 zuwa cikin na'urar tun farko. Idan sun tambaya ko a maye sabon fayil da tsoho, a riƙe sabon. Idan sun ce a kashe a sake kunnawa, a yi hakan kafin a yanke hukunci.

Lambobin kuskure da rikicin layuka

Windows tana ba da lamba ga kowace matsala, kuma lambar tana nuna inda za a dosa. Lamba 28 tana nufin ba a ɗora direba ba. Lamba 22, an kashe na'urar ne da hannu. Lamba 10, na'urar ta kasa tashi, abin da yakan biyo bayan direban da ba na wannan aisi ba, ko katin da ya lalace. Lamba 39, fayil ɗin direban ya ɓace ko ya gurɓata. Lamba 43, direban ya ba da rahoton matsala sai Windows ta tsayar da na'urar. Lamba 12 kuwa tana nufin babu sauran layin cikin na'ura da za a ba katin.

Wannan ta ƙarshe tana buƙatar bayani. Tsohuwar kwamfuta tana da layuka 16, daga 0 zuwa 15, da kayan cikinta ke amfani da su wajen jan hankalin ƙwaƙwalwar na'ura, ana kiran su IRQ. Yawancinsu an riga an raba: 0 na ma'aunin lokaci, 1 na allon rubutu, 3 da 4 na ramukan COM, 6 na fulofi, 7 na ramin firinta, 8 na agogo, 12 na linzami, 14 da 15 na faifai. Katin bit 16 yana son layi nasa shi kaɗai, CardBus kuwa yana iya raba layi da wasu. Idan layuka sun ƙare, a shiga BIOS a kashe abin da ba a amfani da shi, kamar ramin infrared ko na tsohuwar firinta, sai layi ya samu. Amma a fara tambayar mai na'urar, kada a kashe ramin da injin aikinsa ke amfani da shi.

Share ragowar gwajin baya

Direban da ba daidai ba, idan ya taɓa hawa, Windows takan ci gaba da zaɓar sa duk lokacin da aka zura katin. Dole a fitar da shi. A Windows 98, shiga Safe Mode yana nuna tsofaffin kwafin na'urorin da aka taɓa sakawa, sai a goge su duka, a kuma cire fayil ɗin INF nasu daga foldar Other da ke cikin foldar INF. A XP irin waɗannan fayiloli suna ɗauke da suna oem da lamba, kuma sai an buɗe an tabbatar na katin ne kafin a taɓa. XP tana da maɓallin komawa direban baya, tana kuma rubuta duk abin da ya faru lokacin ɗorawa a fayil ɗin setupapi.log. Wanda ya karanta ƙarshen wannan fayil yakan ga ainihin layin da aikin ya tsaya.

Goge Windows a sake ɗora sabuwa ba maganin farko ba ne. Yana iya ɓatar da manhajar da saboda ita ake ajiye kwamfutar, kuma idan laifin na allura ne ko na aisi, yana nan yana jira bayan an gama.

Gwaji da Linux

Faifan Linux da ke tashi ba tare da an ɗora shi ba shaida ne na biyu a kan lafiyar kati, kuma ba ya taɓa abin da ke cikin na'urar. Tsohuwar laftof tana buƙatar bugu mai bit 32 marar nauyi. Umarnin dmesg yana nuna ko an ga shigar katin, lspci yana nuna lambobin CardBus, pccardctl kuma yana karanto shaidar katin bit 16. Direban yenta_socket shi ke kula da yawancin gurabun CardBus. Idan Linux ta ga katin ta tafiyar da shi, to gurbi da kati lafiyarsu ƙalau, matsalar tana cikin Windows. Idan ita ma ba ta ga ko shigarsa ba, hankali ya koma kan gurbin. Sai dai wasu katunan Wi-Fi, kamar masu aisin Broadcom, suna buƙatar ƙarin fayil kafin su yi aiki a Linux, don haka ganin katin shi ne shaida, ba kama intanet ba.

Direba ya hau, aiki bai yi ba

Wani lokaci babu wata alamar kuskure, amma mai na'ura bai samu abin da yake so ba. Katin 802.11b na 1999 gudunsa megabit 11 ne, na 802.11g na 2003 kuma 54, dukkansu a zangon gigahaz 2.4, don haka ba sa ganin Wi-Fi na gigahaz 5. Tsofaffin ciki WEP kawai suka sani, tsarin kullen da aka tabbatar da rauninsa tun 2001, kuma ba sa iya shiga rauta mai WPA2 na 2004. Windows XP kanta sai da sabuntawa ta 3, ko wani faci na musamman, take fahimtar WPA2. Sassauta kullen rauta domin tsohon kati ya shiga yana jefa duk wayoyin gidan cikin haɗari, kuma bai kamata mai gyara ya ba da wannan shawara ba. A XP kuma manhajar kamfanin kati da ta Windows sukan yi rububin sarrafa Wi-Fi, sai a bar wa ɗaya.

Adireshin da ya fara da 169.254 yana nufin na'urar ba ta samu adireshi daga rauta ba, sai a duba waya ko kalmar sirri. Idan umarnin ping yana samun amsa amma shafuka sun ƙi buɗewa, katin ya gama nasa aikin, tsohuwar manhajar lilo ce ba ta san tsarin tsaron yau ba, ko agogo ne ba daidai ba. Katin modem na ƙasar waje yana iya zuwa a kulle da layin kamfaninsa. Na tsarin CDMA, wanda kamfanoni irin su Starcomms suka yi aiki da shi a Najeriya, ba shi da hanyar sadarwar da zai kama a yanzu.

Lokacin tsayawa da miƙa aiki

Ba kowane kati ne yake da mafita ba. Idan babu direban da ya dace da babbar manhajar, ko katin ya gaza a na'ura biyu, a faɗa wa mai shi gaskiya, a ba shi zaɓi: wani kati mai aisin da aka san yana da direba, ko adaftar USB. A tuna masa cewa tsohon ramin USB 1.1 megabit 12 kawai yake ɗauka, inda USB 2.0 ke kai 480. A kuma sanar da shi cewa Microsoft ta daina gyaran tsaron XP tun 8 ga Afrilu 2014, na Windows 7 kuma tun 14 ga Janairu 2020, don haka irin wannan na'ura ba wurin harkar banki ba ce, kuma ta fi aminci idan tana aikinta nesa da intanet.

Idan aiki ya yi, a gwada shi a gaban mai shi: a kashe a kunna, a cire katin ta hanyar alamar cirewa lafiya a sake saka shi, a bar shi ya yi ɗan aiki a ga ko zafi yana tsayar da shi. A ajiye kwafin direban a cikin na'urar, a ba shi wani kwafin a faifai. Sa'annan mai gyara ya rubuta a littafinsa samfurin laftof, bugun katin, lambar aisin, babbar manhajar, direban da ya yi aiki da saitin da aka canza. Direbobin tsofaffin katuna suna ɓacewa daga shafukan kamfanoni, kuma wannan littafi tare da foldar da aka tsara da sunan aisi su ne za su sa irin wannan aiki, idan ya sake zuwa, ya ƙare cikin ɗan lokaci.